Sassabin Zamani: Yadda Mayar da Itatuwa Gona Ke Rage Talauci

Gabatarwa

Malam manomi, kafin ka ɗauki adda da gatari domin sharar gona a bana, dakata ka ƙirga kututturan sabara da kalgo da magarya da ke tofo a cikin gonarka. Kowace bazara akan sare wannan tofo, a tara shi a cinna masa wuta, kuma kowace shekara sai ya sake fitowa. Dalili kuwa shi ne saiwar itacen tana nan da ranta, ta nutsa ƙasa har ta tarar da laima. Manoma a ƙasashe masu tasowa da dama sun gano cewa rainon wannan tofo shi ne hanya mafi arha ta mayar da itatuwa gona. Da shi suka ƙara yawan hatsi a rumbu, suka samu itacen girki da abincin dabbobi da kuɗin kashewa da rani. Wannan maƙala za ta bayyana maka yadda abin ya faru, da dalilin da ya sa ya ɗore, da kuma yadda za ka fara a gonarka ba tare da ka kashe ko sisi ba.

Yadda Rashin Itatuwa Ke Talauta Gida

Gonar da aka share tas ba ta da abin da zai kare ta daga iska. Idan iskar farkon damina ta taso, sai rairayi ya yanke tsiron gero ko ya binne shi, manomi ya sake shuka sau biyu ko sau uku. Ga asarar iri, ga asarar kwanakin damina, waɗanda ba su dawowa. Idan ruwa ya sauko da ƙarfi, sai ya gudu a kan ƙasa ya kwashe taki maimakon ya nutse, a hankali zaizaya ta mai da gona fako.

A cikin gida ma haka lamarin yake. Inda itacen girki ya yi wuya, mata da yara kan yi tafiya mai nisa nemansa, ko kuma a koma ƙona kara da kashin shanu, alhali su ne ya kamata su koma gona su zama taki. Da bazara, lokacin da harawa ta ƙare, maigida yakan sayar da akuya ramammiya a kan farashin da bai taka kara ya karya ba. Idan hatsi ya ƙare kuma, sai a sare ɗan itacen da ya rage a yi gawayi. Ta haka talauci ke cinye itatuwa, rashin itatuwa kuma ya ƙara talauci.

Darasin Maraɗi da Damagaram

Bayan farin shekarun 1970, an kashe maƙudan kuɗi a Jamhuriyar Nijar wajen kafa gandayen renon itatuwa da raba dashe. Akasarin dashen ya mutu saboda ƙishirwa da gara da awaki, da kuma rashin mai kula da shi. A shekarar 1983, wani masanin aikin gona ɗan ƙasar Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ke aiki a yankin Maraɗi, ya lura cewa ƙananan tsirran da ake gani birjik a gonaki tofon kututturan itatuwan da aka sare ne. Ya fara nuna wa manoma yadda za su zaɓi rassa kaɗan a kowane kututture, su datse sauran, su bar zaɓaɓɓun su girma. Wannan dabara ce manoman can suke kira sassabin zamani.

Da farko mutane sun yi wa masu yin ta dariya, suna ce musu masu ƙazamar gona. Da yunwar 1984 ta zo, sai aka haɗa rainon kututture da shirin ba da abinci don aiki a ƙauyuka kusan 100, aka raini itatuwa kimanin 500,000. Da rabon abincin ya ƙare, an sare kusan kashi biyu cikin uku na itatuwan. To amma waɗanda suka bar nasu sun ga iska ta daina binne musu shuka, ga itacen girki a ƙofar gida, ga na sayarwa. Daga nan sai dabarar ta riƙa yaɗuwa daga manomi zuwa maƙwabcinsa.

Bayan shekara 20 da 'yan kai, masu bincike, cikinsu har da Chris Reij da Gray Tappan, suka gwada tsofaffin hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama da sababbin hotunan tauraron ɗan'adam. Sun ƙiyasta cewa manoma sun mayar da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan filin da ya kai hekta miliyan 5, akasari a jihohin Maraɗi da Damagaram. Wani rahoto na shekarar 2009 ya ƙiyasta ƙarin hatsin da ake samu a waɗannan gonaki da tan 500,000 a shekara, wato abincin mutum miliyan biyu da rabi. A lokacin ƙarancin abinci na 2005, an lura cewa gidajen da ke da itatuwa sun fi jurewa, domin sun sayar da itace da ganye sun sayi hatsi. Ka lura cewa ƙasar Maraɗi da Damagaram iri ɗaya ce da ta Jibiya da Daura da Maigatari, kuma itatuwan da suka raina su ne dai waɗanda ke tofo a gonarka.

Itacen da Ke da Mai Shi Shi Ke Rayuwa

Me ya sa wannan aiki ya ɗore alhali dashen da aka kashe wa kuɗi ya mutu? Amsar tana ga mallaka. Tun zamanin mulkin mallaka na Faransa, dokar Nijar ta mai da itatuwa na hukuma, har manomi kan biya tara idan ya sare reshe a gonarsa. Saboda haka da ya ga tsiro sai ya tuge shi tun bai zame masa fitina ba. Da aka sassauta wannan tsari, aka yi dokar karkara a 1993 da sabuwar dokar gandun daji a 2004, sannan aka fitar da wata doka a 2020 wadda ta tabbatar wa manomi haƙƙin itacen da ya raina, sai kowa ya ɗauki itacen gonarsa tamkar dabbar da ke turke.

Haka abin ya kasance a wasu ƙasashe. A tsaunin Lowes na ƙasar Sin, inda zaizaya ta yi mummunar ɓarna, an fara wani babban aiki a 1994 da taimakon Bankin Duniya. An hana sakin dabbobi a gangaren tudu, an yi gadaje a jikin tuddai, an dasa itatuwa, kuma aka ba manoma filayen da suka gyara na tsawon shekaru masu yawa. Bankin ya ce fiye da mutum miliyan biyu da rabi sun fita daga ƙangin talauci. A Humbo ta ƙasar Habasha kuwa, ƙungiyoyin gama kai guda 7 sun samu takardar izinin amfani da wani tsauni da ya tsiraita, suka raini kututturansa, daji ya dawo a kan hekta kimanin 2,700.

Shi kansa shirin Babbar Koriyar Ganuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, da farko an tsara shi ne a matsayin dogon layin dashe daga Senegal zuwa Jibuti. Daga baya aka karkata shi zuwa gyaran gonaki da makiyayu tare da masu su. A Nijeriya, dokar 2015 ce ta kafa hukumar da ke kula da shirin a jihohi 11: Adamawa, Bauchi, Borno, Gombe, Jigawa, Kano, Katsina, Kebbi, Sakkwato, Yobe da Zamfara.

Abin da Itace Zai Kawo Maka

Tun daga shekarar farko zuwa ta biyu za ka samu itacen girki da ganyen dabbobi daga rassan da kake datsewa. Ganyen sabara da kalgo da ke zuba yakan tare ƙurar da iska ke ɗaukowa, ya ruɓe ya zama taki, shi ya sa geron da ke kusa da gindinsu ya fi kyau. Daga shekara 3 zuwa 5 za ka fara yankan gwafa da sandunan rufi, na amfanin gida da na kasuwa.

Gawo kuwa babu kamarsa a gonar hatsi. Yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa shuka rana. Saiwarsa tana ƙara wa ƙasa sinadarin naitirojin, irin wanda kake saye a buhun takin yuriya. Da rani yana fitar da ganye da 'ya'ya, daidai lokacin da dabbobi suka fi bukata, kuma idan suka kwanta a inuwarsa sai su bar maka taki.

Sai kuma itatuwan kuɗi. Dakwara tana fara ba da ƙaro daga shekara 4 zuwa 5, kuma da rani ake tsaga ta, lokacin da babu aikin gona. Kuka tana ba da ganyen miya da garin 'ya'ya, ɗorawa tana ba da kalwar daddawa, ga tsamiya da magarya da aduwa. Kaɗanya takan ɗauki shekara 15 ko fiye kafin ta yi 'ya'ya, don haka sare ta domin buhun gawayi asara ce ta shekaru masu yawa. Akasarin wannan ciniki a hannun mata yake, kuma kuɗinsa kan tafi ne kai tsaye ga cefane da magani da karatun yara.

Yadda Za Ka Fara

1. Zagaya gonarka da rani, ka zaɓi kututturan da za ka raina. Fara da 20 zuwa 40 a hekta ɗaya, wato kimanin eka biyu da rabi. Idan ka ga amfaninsu sai ka ƙara.

2. A kowane kututture, zaɓi rassa 3 zuwa 5 mafiya ƙarfi da miƙewa, ka datse sauran daga gindi.

3. Aske ƙananan rassan da ke jikin waɗanda ka zaɓa har zuwa rabin tsayinsu. Kada ka wuce haka, domin iska ko dabba za ta iya karya su.

4. Yi amfani da adda ko wuƙa mai kaifi, kuma ka riƙa sara daga ƙasa zuwa sama domin kada ɓawon ya yage cuta ta shiga.

5. Ɗaura ƙyalle a jikin reshen domin kowa ya san da mai shi. Rassan ƙaya da ka datse, ka kewaye gindin da su saboda awaki.

6. Komo bayan wata 2 zuwa 6 ka cire sabon tofon da ba ka bukata. Idan rassan sun yi kauri, sare ɗaya a shekara, ka bar wani sabo ya maye gurbinsa.

7. Tsiron gawo ko kuka ko ɗorawa da ya fito da kansa, kafa masa alama domin kada garma ta tuge shi. Kuma ka guji ƙona gona.

Inda babu kututture ko ɗaya, dashe ya zama dole. Nemi dashe daga gandun reno mafi kusa, ka dasa bayan damina ta kankama, ka cire ledar a hankali ba tare da ƙasar ta warware ba, ka yi masa gurbin da zai tara ruwa. Dashe 20 da ka killace ka kula da su sun fi 200 da aka watsar.

Matsalolin da Za Ka Iya Fuskanta

Wasu manoma suna tsoron inuwa da tsuntsaye. Datse rassa a farkon damina yana rage duka biyun, kuma kai ne mai ikon rage yawan itatuwan idan sun yi cunkoso. Idan da tarakta ko garmar shanu kake huɗa, zaɓi kututturan da suka faɗa a layi ɗaya ko a kan iyaka.

Babbar matsala ita ce sata da saran dare. Mutum ɗaya ba zai iya tsare itatuwansa shi kaɗai ba. Saboda haka ku zauna da mai unguwa ko dagaci, da ardon Fulani, da mata masu neman itace, ku yi yarjejeniya a kan wanda zai datsi reshe, da lokacin da za a datsa, da hukuncin wanda ya sare gindi. Makiyayi na da rabo a ganye da 'ya'yan gawo, kai ma kana da rabo a takin dabbobinsa.

Idan gonar aro ce ko ta haya ko jingina, ku daidaita da mai ita a gaban shaidu kafin ka fara. Har ila yau, dokokin gandun daji sun bambanta daga jiha zuwa jiha, don haka ka tuntuɓi jami'in gandun daji na ƙaramar hukumarku domin sanin itatuwan da ake neman izini kafin a sare su.

Kammalawa

Malam manomi, Bahaushe ya ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Itatuwa ba za su maye gurbin ingantaccen iri da taki da shuka a kan kari ba, amma su ne ke riƙe ƙasar da waɗannan abubuwa za su yi aiki a kanta, kuma su ne madogara a shekarar da damina ta gaza. Ware ɓangare ɗaya na gonarka a bana, ka raini kututtura 20, ka bar sauran gonar yadda ka saba. Bayan damina uku, gwada yawan damman da ka ɗaure a ɓangarorin biyu, ka haɗa da itace da ganyen da ka samu, sannan ka yanke wa kanka shawara. Domin ƙarin bayani, tuntuɓi malamin gona na yankinku.