Irving Park: Abin da Taswirar Na'ura ke Tonawa a Birnin Greensboro

A arewacin tsakiyar birnin Greensboro, a jihar Karolina ta Arewa da ke ƙasar Amurka, akwai wata unguwa mai suna Irving Park, wadda duk baƙon da ya shiga cikinta inuwa ce za ta fara yi masa maraba. Manyan itatuwa sun yi wa tituna rumfa, su kuma titunan suna lanƙwasa suna bin tudu da gangare, yayin da gidaje na alfarma suka kewaye filin wasan golf na kulob ɗin masu hannu da shuni na birnin. Tun daga shekarar 1911 aka fara raya wurin, kuma John Nolen, ɗaya daga cikin mashahuran masu tsara birane na wancan zamanin, yana cikin waɗanda suka zana fasalinsa. A 1995 aka shigar da unguwar cikin kundin wuraren tarihi na ƙasa. To amma tafiyar 'yan mintoci kaɗan a mota zuwa gabashin birnin, inda baƙaƙen fata suka fi yawa, sai labari ya sha bamban: gidaje ƙanana ne, darajarsu a kasuwa ba ta kai ta arewa ba, manyan kantunan abinci kuma sun yi ƙaranci.

Mazauna Greensboro sun daɗe da sanin wannan bambanci. Abin da yake sabo shi ne yadda ake auna shi, ta hanyar tsarin nan na sarrafa bayanan taswira a na'ura mai ƙwaƙwalwa, wanda aka fi sani da GIS. A taƙaice, tsarin yana ba kowane bayani mazauninsa a doron ƙasa, ko gida ne ko rijiya ko asibiti ko mara lafiya, sa'an nan ya ba mai bincike damar tambayar me ke kusa da me, kuma me ya sa. Dabarar ta girmi na'urar. A 1854, lokacin da cutar kwalara ta ɓarke a unguwar Soho ta birnin Landan, likita John Snow ya bi diddigin gidajen da aka yi rasuwa, ya nuna a taswira cewa sun yi dafifi ne a kewayen famfon ruwa guda. A cikin shekarun 1960 ne Roger Tomlinson ya jagoranci shigar da irin wannan aiki cikin na'ura a ƙasar Kanada, domin ƙididdige filayen noma da dazuzzuka.

Labarin Irving Park a wannan fage ya samo asali ne daga wata tsohuwar takarda. A 1933, ana tsakiyar karayar tattalin arziki, gwamnatin shugaba Franklin Roosevelt ta kafa hukumar HOLC domin ceto masu gidajen da bashi ya yi musu katutu. Daga 1935 zuwa 1940 hukumar ta zana taswirar birane sama da 200, Greensboro na cikinsu, inda ta karkasa unguwanni gida huɗu gwargwadon haɗarin ba da rance a cikinsu. Kore shi ne mafi aminci, sai shuɗi, sai rawaya, sa'an nan ja, wanda ke nufin a yi hattara. Irving Park, unguwar fararen fata masu hali, tana cikin kore. Unguwannin baƙaƙen fata kuwa, a kusan dukkan biranen da aka zana, ja aka shafa musu. Sai a 1968 ne majalisar dokokin Amurka ta zartas da dokar da ta haramta wariyar launin fata a sha'anin gidaje.

Shekaru da dama waɗannan taswirori suna jibge a ma'adanar takardu ta ƙasa, masana tarihi ne kaɗai ke waiwayarsu. A 2016 Jami'ar Richmond, tare da haɗin gwiwar wasu jami'o'i, ta fito da su a intanet. Aikin ya wuce ɗaukar hoto kawai, domin sai da aka bi kowace tsohuwar takarda ana daidaita mahaɗar titunanta da ainihin wurinsu a taswirar yau, sa'an nan aka sake zana iyakar kowace unguwa a na'ura. Daga nan ne ya yiwu a yi amfani da dabara ta farko kuma mafi sauƙi a wannan ilmi, wato ɗora taswira a kan taswira, tamkar mai jera faifan gilashi ɗaya bisa ɗaya yana hango na ƙasa ta cikin na sama.

Wasu masana uku, Jeremy Hoffman da Vivek Shandas da Nicholas Pendleton, sun ɗora waɗancan launuka a kan ma'aunin zafin ƙasa da tauraron ɗan Adam ya ɗauka a birane 108. Sakamakon da suka buga a 2020 ya nuna cewa a kashi 94 cikin 100 na biranen, unguwannin da aka shafa wa ja sun fi sauran zafi a lokacin bazara. Matsakaicin bambancin ya kai digiri 2.6 a ma'aunin Salshiyas, a wasu biranen ma har ya kai digiri 7. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: inda aka zuba jari akwai itatuwa da ciyayi, inda aka yi watsi da shi kuwa kwalta ce da siminti, masu shan zafin rana su yi ta amayar da shi har cikin dare. Ke nan inuwar da ke tarbar baƙo a wuri irin Irving Park ita ma gado ce, kamar gidan da ke ƙarƙashinta.

A nan ne fa mai karatu zai iya gaggawar yanke hukunci cewa taswirar HOLC ce ta haddasa komai. To sai dai abu biyu su haɗu a wuri guda bai isa ya tabbatar da cewa ɗaya ne ya haifi ɗayan ba, kuma Greensboro na cikin wuraren da aka gwada wannan zato. Wasu masana huɗu, ciki har da Kenneth Snowden na Jami'ar Karolina ta Arewa reshen Greensboro, sun tattaro bayanan rance sama da 16,000 na shekarun 1930 daga birane uku: Baltimore da Peoria da Greensboro. Suka bi adireshin kowane gida suka dasa masa ɗigo a taswira, dabarar da ke mai da rubutaccen adireshi ya zama wuri a doron ƙasa.

Abin da suka bayyana a 2021 ya ba mutane da yawa mamaki. Ita hukumar HOLC ta ba da rance a unguwannin talakawa da na baƙaƙen fata, kuma akasarin rancenta ta riga ta bayar kafin ma a zana taswirorin. Wata hukuma ce dabam, FHA, wadda aka kafa a 1934 domin tsaya wa masu karɓar rancen sayen gida, ta ƙaurace wa waɗannan unguwanni tun daga farkonta, bisa nata ma'aunin. Wariyar dai ta tabbata, har ma an ga iyakarta ƙarara. Amma tsohuwar taswirar mai launi huɗu ta fi kama da shaida a kan ra'ayin da ya riga ya kafu a tsakanin masu banki da dillalan gidaje. Wannan bambanci yana da muhimmanci ga duk hukumar da ke son gyara, domin wanda bai san asalin ciwo ba, da wuya ya dace da magani.

Dabara ta biyu ita ce ta auna tazara. Ma'aikatar noma ta Amurka tana ɗaukar yankin birni a matsayin mai fama da ƙarancin abinci mai gina jiki idan mazaunansa masu ƙaramin ƙarfi ne, kuma aƙalla mutum 500 ko kashi ɗaya cikin uku daga cikinsu suna zaune nesa da babban kanti da fiye da mil guda. Na'ura ce ke auna wannan nisa daga kowane kanti, ta ƙirga waɗanda suka faɗa waje. A arewa maso gabashin Greensboro, bayan da babban kantin da ke kan titin Phillips ya rufe a 1998, mazauna yankin sun shafe shekaru 18 suna jira, har suka haɗa ƙarfi suka buɗe kantin haɗin gwiwa mai suna Renaissance a 2016. Rashin isasshen ciniki ya sa shi ma ya rufe a farkon 2019. Masu nazari kan yi gargaɗin cewa mil guda a miƙe ba daidai yake da mil guda a ƙafa ba, musamman idan babbar hanya ko layin dogo ya gitta. Saboda haka ne ake ƙara lissafi a kan ainihin titunan da mutum zai bi. Ga magidancin Irving Park mai mota a ƙofar gida, mil biyu ba komai ba ne. Ga tsohuwar da ke jiran motar safa riƙe da kaya, tafiya ce sosai.

Dabara ta uku ita ce ta shata iyaka, kuma ita ce ta fi tayar da ƙura, domin adadi ɗaya na iya ba da amsa iri-iri gwargwadon inda aka ja layi. A gabashin Greensboro ne Jami'ar A&T take, wadda ta fi kowace jami'ar baƙaƙen fata ta tarihi yawan ɗalibai a Amurka, kuma ɗalibanta huɗu ne suka yi zaman dirshan a kantin Woolworth ranar 1 ga Fabrairun 1960 domin nuna ƙin jinin wariya. A taswirar mazaɓun majalisar wakilai da 'yan majalisar jihar suka zana a 2016, an ratsa layi ta tsakiyar harabar jami'ar, aka raba ɗalibanta tsakanin mazaɓa ta 6 da ta 13. A zaɓen wannan shekarar jam'iyyar Republican ta lashe kujeru 10 daga cikin 13 na jihar, da kimanin kashi 53 cikin 100 na ƙuri'u.

Da maganar ta je kotu, da irin wannan makamin aka mai da martani. Jonathan Mattingly, shehun malamin lissafi a Jami'ar Duke, ya sa na'ura ta zana taswirori sama da 24,000 ba tare da la'akari da jam'iyya ba, kuma ƙasa da kashi 1 cikin 100 ne suka ba da kujeru 10 ga jam'iyyar. Duk da haka a 2019 Kotun Ƙolin Amurka ta ce kotunan tarayya ba su da hurumin shiga rikicin shata mazaɓu don amfanin jam'iyya. Wata kotun jiha ce ta dakatar da taswirar a ƙarshen shekarar, aka zana sabuwa da ta mai da harabar jami'ar cikin mazaɓa guda a zaɓen 2020.

Mutumin Kano ko Zariya ba zai rasa abin tunawa ba a wannan labari. Dokar tsara garuruwa ta 1917, a zamanin Gwamna Lugga, ta tanadi a bar fili mai faɗin yadi 440 ba gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, wai don gudun sauro mai yaɗa zazzaɓin cizon sauro. Waɗancan unguwanni, irin su Nasarawa a Kano, su ne har yau ake kira GRA, kuma filayensu na cikin mafiya tsada a gari. A Kanon ne kuma aka ga alherin wannan ilmi. Daga wajejen 2012, masu yaƙi da cutar shan inna suka fara sauya taswirorin da ake zanawa da hannu da waɗanda aka samo daga hoton tauraron ɗan Adam, aka kuma riƙa bai wa ayarin masu rigakafi wayoyi masu nuna duk inda suka taka. Idan aka ɗora sawunsu a kan taswirar gidaje, nan take ake ganin rugar da aka tsallake ko lungun da ba a shiga ba. A watan Yulin 2014 aka samu yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar cutar ta kama a jihar Kano, a 2016 aka samu na ƙarshe a Borno, sa'an nan ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da wannan nau'i na ƙwayar.

A yau jihohi da dama a Nijeriya, ciki har da Kaduna da Kano, suna da hukumomin da ke amfani da wannan tsari wajen rajistar filaye da ba da takardar mallaka. Abin da tarihin Greensboro ke tunatarwa shi ne cewa jami'an da suka shafa wa Irving Park kore, su ma a ganinsu aikin ƙwararru suke yi, da alƙaluma da takardun cikewa. Don haka duk lokacin da aka shimfiɗa sabuwar taswira a gaban jama'ar wata unguwa, ko a Greensboro ko a Dorayi, haƙƙinsu ne su tambayi wanda ya ja layin, da ma'aunin da ya yi amfani da shi, da kuma gidajen da ba a sa wa ɗigo ba.