Okid Ɗinka Na Yaushi? Duba Saiwa Kafin Ka Ƙara Ruwa

Ganyen okid ɗinka ya yi yaushi, ka ce ƙishi ne, ka ƙara ruwa. To, dakata, wataƙila ruwan ne ke kashe shi.

Phalaenopsis ɗan dazukan Indonesiya da Filifin ne. A jikin bishiya yake maƙalewa kamar kauci, sai dai shi ba ya tsotsonta. Saiwarsa iska take so. In ta daɗe cikin laima sai ta shaƙe ta ruɓe, ta kasa kai ruwa ga ganye, shi ya sa yaushin ke kama da na ƙishi.

Zare shi daga tukunya ka latsa saiwoyin. Mai lafiya tana da tauri, koriya in ta jiƙe, ruwan azurfa in ta bushe. Wadda ta yi baƙi ta yi laushi, ko ta zama holoƙo, yanke ta da almakashin da ka goge da sifirit. In da fure, ni dai zan yanke sandarsa, ko da zafi, don ƙarfin ya koma ga saiwa.

Dasa shi cikin gutsattsarin ɓawon itace, a tukunya mai huji, ban da ƙasa. Jira kwana 3 kafin ban ruwa, taki kuwa sai sabuwar saiwa ta leƙo. Hakan kan ɗauki watanni.