Rubutaccen Tsarin Kwamfuta: Darasi Daga Kan Iyakar Jibiya

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Katsina zuwa Maraɗi ya san Magamar Jibiya, inda manyan motoci kan yi jerin gwano suna jiran a duba takardunsu kafin su ƙetara zuwa Ɗan Isa a Jumhuriyar Nijar. Ƙa'idar aikin kwastan a wannan wuri, da ma kowace iyaka, ita ce mai kaya ya bayyana abin da ya ɗauko a rubuce: iri kaza, buhu kaza, daga wuri kaza. Ma'aikaci ya riƙe takarda ya dubi mota. In sun dace a buga hatimi, in kuwa sun saɓa to akwai magana. Manufar wannan lacca ita ce a nuna yadda wannan tsohuwar ƙa'ida ta shiga fagen sarrafa kwamfuta ta hanyar wata babbar manhaja mai suna NixOS, wadda reshe ce ta Linux, sa'an nan a duba abin da ɗalibi da ma'aikacin gwamnati za su ƙaru da shi daga gare ta.

Matsalar da ake neman warwarewa

Aikin kan iyaka ya daɗe da komawa cikin kwamfuta. Tun a 1981 Ƙungiyar ECOWAS ta nemi taimakon hukumar ciniki ta Majalisar Ɗinkin Duniya, watau UNCTAD, game da ƙididdigar kayan da ke shiga da fita, kuma daga wannan roƙo ne aka samar da manhajar ASYCUDA, wadda ƙasashe masu amfani da Faransanci irin su Nijar ke kira SYDONIA. Ma'anar wannan ita ce, in kwamfuta ta tsaya a kan iyaka, motar albasa da ta wake da ta shanu duk sun tsaya, ga dukiyar jama'a a rana.

To, yaya aka saba shirya kwamfutar ofis? Wani ma'aikaci mai sani ya zauna ya saka wannan manhaja yau, gobe ya gyara wancan saiti, jibi ya ƙara wani abu don injin buga takarda ya yi aiki. Bayan shekara uku babu mahalukin da ya san dukkan abin da ke cikin na'urar sai shi, shi ɗin ma ya manta rabi. Ranar da aka yi masa canjin wurin aiki zuwa Illela ko Maigatari, takardar miƙa aiki za ta lissafa tebur da kujera da kwamfuta guda kaza, amma ilimin da ke sa kwamfutar ta yi aiki ya hau mota ya tafi tare da shi. Wannan hanya ita ake kira tsarin umarni, domin umarni ake bai wa na'ura ɗaya bayan ɗaya, ba tare da an ajiye cikakken bayanin inda aka kwana ba.

Wuri kamar Jibiya ya fi nuna aibin wannan hanya. An rufe iyakar a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ta ba sai Afrilu na 2022. Aka sake rufe ta a Agusta na 2023 bayan juyin mulkin Nijar, aka buɗe a Maris na 2024. Har ila yau, a watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Jibiya, saboda matsalar 'yan bindiga. Ofishin da kan yi watanni a rufe, ma'aikatansa su sauya, intanet ta ɗauke, yana bukatar na'urar da za a iya tayar da ita daga rubutu, ba daga tunanin mutum ɗaya ba.

Asalin Nix da NixOS

Linux kanta wani ɗalibi ne na Jami'ar Helsinki, Linus Torvalds, ya fara ta a 1991, aka haɗa ta da kayan aikin GNU da Richard Stallman ya assasa a 1983. Da yake kowa na da izinin karanta asalin rubutunta, ya gyara, ya rarraba, sai ta yi rassa da yawa, kamar Debian da Ubuntu da Fedora.

A 2003 Eelco Dolstra ya fara aikin Nix a Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan, ya kuma kammala digirinsa na uku a kansa a 2006. Tambayar da ya sa a gaba ita ce: me ya sa manhajar da ta yi aiki lafiya a wannan na'ura take ƙin yi a waccan? Daga bincikensa aka gina NixOS, wadda fitowarta ta farko tabbatacciya ta zo a 2013. Yanzu sau biyu ake fitar da ita a shekara, wajen watan Mayu da Nuwamba, kuma kundin manhajojinta, watau Nixpkgs, ya ƙunshi fiye da guda 100,000. Akwai kuma 'yar'uwarta GNU Guix, wadda Ludovic Courtès ya fara a 2012 bisa wannan tunani.

Yadda tsarin yake aiki

Ana iya taƙaita aikin NixOS cikin ginshiƙai uku.

Na farko shi ne bayyanawa. Maimakon a riƙa saka manhajoji da hannu, sai a rubuta fayil guda mai suna configuration.nix, a zayyana yadda ake son na'urar ta kasance: sunayen masu amfani da ita, manhajojin da za su zauna ciki, harshe da agogo, ƙofofin sadarwar da za a buɗe da waɗanda za a toshe. Daga nan sai a ba da umarni ɗaya, nixos-rebuild, na'urar ta daidaita kanta da abin da aka rubuta. In an goge layi aka sake gini, abin da layin ya kawo ya fita daga aiki. Fayil ɗin ke nan takardar bayyana kaya, kwamfutar kuwa ita ce motar. Bambancin kawai shi ne a nan motar ce ake tilasta wa ta dace da takarda.

Na biyu shi ne ma'aji. Kowace manhaja tana da ɗakinta daban a cikin wata ma'ajiya da ake kira /nix/store, kuma sunan ɗakin yana farawa da wata lambar shaida mai haruffa 32. Ana lissafo wannan lamba daga dukkan abin da aka gina manhajar da shi: asalin rubutunta, da sauran manhajojin da ta dogara a kansu, da matakan gininta. In ɗaya daga cikinsu ya canja ko da kaɗan, lambar ta canja, ɗaki ya zama sabo. Saboda haka tsohon samfuri da sabo na manhaja ɗaya suna iya zama tare, babu mai taka wani. Wannan ya yi kama da sito mai kyau, inda kayan kowane ɗan kasuwa ke da lamba da wurinsa, ba a zuba geron wani cikin dawar wani.

Na uku shi ne komawa baya. Duk lokacin da aka sake gini, NixOS ba ta rushe tsohon tsari. Sabo take ginawa a gefe, sai ya kammalu sa'an nan ta juya zuwa gare shi. Kowane gini zubi ne mai lamba: zubi na 14, zubi na 15, haka dai. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar gini, tsohon zubi yana nan daram. Idan kuma sabon ya zo da matsala, sai a kashe na'ura a kunna, a zaɓi zubin jiya daga jerin da zai bayyana. Duk wanda ya san halin wutar lantarki a garuruwanmu zai gane darajar wannan.

Bugu da ƙari, da yake tsarin duka rubutu ne, ana iya ajiye shi cikin Git, manhajar da Torvalds ya ƙirƙira a 2005 don adana tarihin gyare-gyare. Ta haka za a san wanda ya canja layi kaza, da ranar da ya canja, da dalilin da ya bayar. Mai binciken kuɗi da kadarori, watau odita, abin da yake nema ke nan a kowane ofis.

Amfani iri uku

Rubuta manhaja. Ɗalibin kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta Katsina, alal misali, yana iya samun darasi biyu da kowanne ke bukatar samfurin Python daban. A tsarin umarni ɗaya kan ɓata ɗaya. Da Nix kuwa, kowane aiki yana da ɗan fayil nasa mai bayyana kayan da yake bukata. In ɗalibin ya shiga aikin kayan su bayyana, in ya fita su kauce. In ya miƙa aikin ga malaminsa ko abokin karatunsa na Maraɗi, tare da fayil ɗin da kuma lambar samfurin kundin da ya yi amfani da shi, za su sami kayan aiki iri ɗaya da nasa. Uzurin nan na "ai a tawa na'urar yana yi" ya ƙare ke nan. Ba sai an sauya babbar manhaja ba ma, domin Nix kaɗai tana hawa kan Ubuntu da macOS.

Wasanni. Da can ana ganin Linux ba ta wasa ba ce. Kamfanin Valve ya kawo kasuwarsa ta Steam kan Linux a 2013, ya fito da Proton a 2018, wadda ke sa wasannin Windows da yawa su yi aiki, sa'an nan ya fitar da na'urar hannu ta Steam Deck a 2022 bisa Linux. A NixOS layi ɗaya ne ke kunna Steam:

programs.steam.enable = true;

Mai shagon wasanni da ke da kwamfuta goma zai iya gina su duka daga fayil guda, in kuma sabunta manhajar hoto ya lalata wasa, ya koma zubin baya kafin yara su watse. Sai dai wasu wasannin intanet masu manhajar hana maguɗi har yanzu ba sa karɓar Linux.

Riƙe hidima a gida. Wannan shi ne mutum ko ofis ya ajiye tasa sabar, watau kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, maimakon ya damƙa takardunsa ga kamfanin waje. Da 'yan layuka ana iya tayar da Nextcloud don ajiyar fayiloli, ko PostgreSQL don rumbun bayanai. A ɗauka ofishin wakilan fitar da kaya ne a Magama: sabar tana cikin ɗaki, kwamfutocin ofis suna haɗe da ita ta waya, aikin cikin gida yana tafiya ko da layin sadarwa ya katse. In sabar ta ƙone, sai a sayo wata, a ɗora fayil ɗin, a gyara 'yan layukan da suka shafi ƙirar sabuwar na'ura, a mayar da bayanan da aka adana. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe bayanan jama'a alhakin tsare su, kuma sanin ainihin abin da ke gudana cikin na'ura shi ne matakin farko na wannan tsaro.

Wahalhalun da ke tattare da shi

Wajibi ne a faɗi nauyin abin tun kafin a ɗauka. Da farko, Nix harshe ne mai nahawunsa, koyonsa na ɗaukar lokaci, kuma saƙonnin kuskurensa kan rikita sabon shiga. Na biyu, ajiye tsofaffin zubi yana cinye wurin ajiya, sai an riƙa share su lokaci-lokaci. Na uku, sabuntawa kan jawo saukar da kaya masu nauyi, abin da ke da tsada ga mai sayen data. Maganinsa shi ne a sauke sau ɗaya a Katsina, a kwafa a filashi ko a sabar ofis, sauran na'urori su ɗiba daga nan. Na huɗu, manhajar da aka gina don Ubuntu ba lalle ta tashi kai tsaye ba, domin NixOS ba ta ajiye kaya a wuraren da sauran suka saba. Manhajar da hukuma ta wajabta wa ma'aikatanta kuwa, sharuɗɗan hukumar ake bi, ba ma'aikaci ke sauya ta da ra'ayinsa ba.

Akwai kuma abubuwa biyu da gafala a kansu ke da haɗari. Fayil ɗin tsari yana mayar da manhajoji ne kawai, ba ya mayar da takardu da rasitai da aka tara. Waɗannan sai an kwafe su daban an ajiye a wani wuri. Haka nan duk mai amfani da na'urar yana iya karanta abin da ke cikin /nix/store, saboda haka ba a rubuta kalmar sirri tsirara a cikin fayil ɗin.

Kammalawa

Abin da NixOS ta zo da shi tsohon ladabin aikin gwamnati ne: abin da ba a rubuta ba, ba a miƙa shi ba. Ɗalibi zai iya farawa da saka Nix a kan na'urar da yake da ita, ya bayyana kayan aikin darasi guda, ya ga yadda abin yake. Shugaban ofis kuwa, ko da bai taɓa NixOS ba, yana iya tambayar mai kula da kwamfutocinsa abu uku: ina rubutaccen bayanin abin da ke cikin kowace na'ura, ina kwafin bayanan ofis, kuma kwana nawa za a ɗauka a tayar da aiki in wannan na'ura ta mutu yau? In babu amsa a rubuce, to a fara rubutawa tun na'urar na da lafiya kuma mai saninta na nan, domin Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.