Wa Ya Ce Ba A Wanke Filon Ado?

Akwai wata magana da ke yawo a bakin 'yan jere, daga Birnin Kebbi har Argungu, wadda na gaji da jin ta. Wai filon ado mai tattara a baki ba a wanke shi, in ruwa ya taɓa shi tattarar ta mutu ke nan. Saboda wannan magana sai a kai yadi wurin tela, ya ɗura soso ko faiba, ya rufe baki huɗu ruf, ba zik ba maɓalli, a jera shida ko takwas a gadon amarya da kujerun falo. Daga ranar jere har ta yaye ɗan fari, iyakar tsaftar da filon zai gani ita ce a kaɗe shi da hannu in za a yi baƙi.

Filon ado kowa ya san shi, ɗan matashin nan ne mai kusurwa huɗu, tattara kuwa ƙyallen da ake cukuikuye shi a zagaya bakinsa. Ba sai na tsaya dogon bayani ba.

Ruwa ba ya kashe tattara. Ɗinki ne yake riƙe da ita, kuma ɗinki ba ya narkewa a baho. Rigunan 'yan matanmu na sallah ai masu tattara ne, ana wanke su har su koɗe, tattarar tana nan. To daga ina maganar ta samo asali? Daga waɗanda suka tsoma filo sukutum cikin ruwa, da rigarsa da abin cikinsa, tunda an ɗinke su tare. Faibar ta sha ruwa ta cure guri guda, soson ya ƙi bushewa ya kama wari, yadin da ba a taɓa jiƙawa ba ya tsuke, ja ya zuba a kan fari. Sai aka ɗora wa wanki laifi, alhali laifin na ɗinki ne. Wani telan ma tun farko ya yi rowar ƙyalle, tattarar 'yar shafal, sitacin sabon yadi ne kawai ya tsayar da ita. Ranar da sitacin ya fita dole ta kwanta.

A duba kuma inda muke zaune. A kwarin Rima, hunturu yakan tula ƙura daga Disamba har Fabrairu. Bazara ta karɓa, zafi ya haura digiri 40 a Maris da Afrilu, duk wanda ya jingina ya bar gumi. Damina ta zo da laimar fadama, kaka ta zo da ƙaiƙayin shinkafa. Duk wannan cikin lungunan tattara yake sauka, ga man gashi, ga majinar yara, ga miyar da ta ɗiga. Sai uwargida ta turara ɗaki da turaren wuta ta ce komai tsaf. Haba! Ƙamshi yana rufe wari ne, ba ya fitar da dauɗa. Kayan da ake ajiyewa a kalla ba a taɓa ba suna gidan tarihi na Kanta a Argungu; abin da ɗanki zai kifa fuskarsa a kai ba ya cikinsu.

Cikin wannan ƙurar akwai ƙananan ƙwari da ido ba ya gani, masu tayar wa mai asma ciwonsa, su sa yaro atishawa da toshewar hanci a yi ta cewa sanyi ne. Kuɗin cizo kuwa ba abin da yake so kamar bin layin ɗinki ya yi ƙwai. In ya addabi gida, abin da ya fi ɓata mini rai shi ne a ɗauko fiya-fiya a feshe filon da mutum zai sa kai. Gubar gona ce fa. Tun 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalaben maganin ƙwari na Sniper a kasuwa, amma har gobe ana yayyafa irinsa a shimfiɗa. Alhali ruwa mai zafin digiri 60 yana kashe ƙwarin da ƙwansu, ba tare da kowa ya kwana asibiti ba. Iyayenmu da suke ɗura matashi da audugar rimi sun fi mu dabara, don suna yi masa riga daban, suna shanya shi a rana. Saurin teloli a tururuwar bukukuwan gab da azumi da ƙyashin kuɗin zik su ma sun taimaka wajen ɓata lamarin.

Maganin duk wannan riga ce mai cirewa, kuma duk mai keken ɗinki a gida, ko tsohuwar Butterfly ce ta ƙafa, za ta iya. Ki zaɓi yadin auduga ko atamfa, don karan-miski da yaduka masu santsi ba sa jure ruwan zafi. Kafin almakashi ya taɓa shi, ki jiƙa shi, ki shanya, ki goge. In zai tsuke ko ya zuba, gara ya yi tun yanzu.

Ga filo mai inci 16, yadi ɗaya da kwata ya isa. Ki yanka gaba inci 17 ta kowane gefe. Baya kuma ƙyalle biyu ne, kowanne 17 da 12. Ki kalmashe baki ɗaya na kowannensu, domin in an haɗa, ɗaya ya hau kan ɗaya da kamar inci 5. Ta nan filon zai riƙa shiga yana fita, ba ki buƙatar zik. Tattara ita ce wurin da ba a yin rowa. Zagayen filon inci 64 ne, ita kuwa sai ta ninka shi, wato kusan 128. Ki yanka tsiri uku a faɗin atamfar, kowanne inci 7, ki haɗa su su zama zobe, ki ninka shi biyu a tsaye fuskar yadin tana waje, ki goge.

Sai ki buɗe ɗinkin kekenki zuwa mafi tsawo, ki bi ɗanyen bakin layi biyu, kada ki ƙulle ƙarshe. Layi biyu na ce, don in ɗaya ya tsinke ana ja, ɗayan ya cece ki. Ki raba zoben kashi huɗu da alli, kowace alama ta faɗa kan kusurwa ɗaya, sannan ki ja zaren ƙasa a hankali har ya yi daidai da gefen. A kusurwa ki ɗan tara ta da yawa, in ba haka ba za ta miƙe ta lanƙwasa filon. Ki kwantar da ita kan fuskar ƙyallen gaba tana kallon ciki, ki kama ta da ɗinki, ki kifa ƙyallayen baya biyu a kai, ki zagaye da rabin inci. Ki sake bi karo na biyu, ki datse kusurwoyin, ki juya. Wannan bi na biyun shi ne yake sa ta jure wanki.

Riga biyu za ki yi wa kowane filo, in ɗaya tana kan igiya ɗaya tana jiki. A hunturu kada ta wuce mako biyu ba a wanke ba, shi kuma filon a kai shi rana. Jariri kuwa, wanda bai kai shekara ba, kada a kwantar da shi kan filo ko a jera su kusa da fuskarsa, don yana iya kifewa numfashinsa ya toshe.

Wadda aka riga aka yi mata jere da masu rufaffen baki, ba sai ta zubar ba. Ta farke gefe ɗaya da reza ta wajen baya, ta juye abin cikin a buhun akoko da za ta ɗinka masa, ta wanke tsohuwar rigar, sannan ta sa mata maɓallai uku a inda ta farke.