Tsohuwar Rigar Tsamiya da Masu Cigiyarta

Ku sani, ya ku ma'abota ilmi da fatauci, tsofaffin rigunan tsamiya da alharini sun zama abin nema. Dillalai sukan bi gidaje tun daga birnin Zazzau har Sabon Gari da Samaru, suna cigiyar abin da kakanni suka bari cikin adaka. Magaji kuwa, saboda rashin sanin abin da ya gada, sai ya sallama a kuɗin rigar yadi. Kaico!

Ita tsamiya zare ce daga gidan wata tsutsa da ake samu a itacen tsamiya. Akan dafa gidan da ruwan toka, mata su kaɗa da mazari. Jan alharini kuwa daga Tarabulus Larabawan Gadamus suke kawo shi bisa raƙuma. Bature Barth ya tarar da cinikinsa a Kano cikin 1851. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai hanyar ayari ta mutu.

Amma fa akwai audugar da ake rinawa ta saje da tsamiya. To, kafin a yi ciniki, a zaro silili guda a kai shi bakin wuta: ta gaskiya ƙaurin gashi take yi, auduga kuwa ƙaurin tsumma. Sa'an nan a duba aska takwas ɗin da ke gaban rigar, ko aikin hannu ce ko na keke.