Zare Mai Rikiɗa: Abubuwan Ban Mamaki a Taƙaice

Akwai zaren da ke canza launi da kansa. Dunƙule ɗaya ne, ya faro fari, ya koma shuɗi, ya ƙare baƙi wuluk, ba ƙulli ba haɗi. Mai saƙa da kwarashi tana ta aikinta, launi na zuwa bi da bi.

Saƙar da ake farowa daga tsakiya ita ta fi karɓarsa, kamar hular jariri ta hunturu ko zagayayyar shimfiɗar tebur. A shimfiɗar, zagayen ciki zare kaɗan yake ci, na waje kuwa sai ya lashe mai yawa. Shi ya sa launi ke faɗi a tsakiya, yana sirancewa har gefe. Ɗinki mai ado da yawa yana ɓoye rikiɗar, ni dai na fi son sassauƙa.

Har yau babu injin da ke saƙar kwarashi ta ainihi. In ka ga hular kwarashi ranar Laraba a kasuwar Ƙonni, hannu ne ya yi ta.

Marina ma sun san rikiɗa. A Ƙofar Mata ta Kano, yadi yana fitowa daga ramin baba kore-kore, iska ta buge shi ya zama shuɗi a gaban idonka. Kowane tsomi yana ƙara masa duhu, don haka wanda ya riƙa tsoma zare yana ɗaga wani sashe kowane karo zai sami shuɗi hawa-hawa.

Galmi, a yankin Malbaza, ta yi suna da albasa har ƙasashen gaɓar teku. Busasshen ɓawon da iska ke kwashewa a wurin awo, rini ne! A tafasa shi, a sa alif, zare ya fito ruwan zuma ko ɗorawa. Karan dafi kuma ja yake bayarwa, dukawa sun daɗe suna rina fata da shi.

A 1856 wani saurayi ɗan shekara 18 a Landan, William Perkin, yana ƙoƙarin haɗa kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, sai ya tsinci rini shunayya. Daga nan rinin masana'anta ya bazu duniya.

Wadda za ta gwada ɓawon albasa ta nemi zaren auduga ko na gashin tumaki. Yawancin ulun kasuwa na roba ne, rinin tsiro ba ya kama shi.