Darasi na 14: Naɗin Latas da Nama

Latas ganye ne da ake ci ɗanye. Wasu suna kiransa ganyen salak. A Nijeriya ana noma shi a Jos da kuma lambunan Kano, musamman lokacin hunturu. Yawancinmu mun san shi ne a cikin haɗin salak, amma a wasu ƙasashen Asiya naɗe nama ake yi da shi. A Koriya, mutane sukan ɗora gasasshen nama a kan ganyen, su naɗe, su kai baki. Sunan wannan abinci "sam", wato naɗi.

Me ya sa ake son wannan abinci? Burodi da shinkafa da doya suna da sitaci mai yawa, wanda jiki yake mayarwa sukari. A cikin giram 100 na burodi akwai sitaci da sukari kusan giram 50, amma a latas ba su wuce giram 3 ba, domin yawancinsa ruwa ne. Saboda haka masu ciwon sukari da masu son rage ƙiba sukan sa latas a madadin burodi. Sai dai ya kamata marar lafiya ya nemi shawarar likita kafin ya sauya abincinsa.

Kayan haɗi

Latas mai faɗin ganye, niƙaƙƙen nama rabin kilo, albasa ɗaya, tafarnuwa, citta, attaruhu, man gyaɗa cokali biyu, gishiri, kokwamba da lemun tsami.

Yadda ake yi

Da farko, a ɓare ganyen ɗaya bayan ɗaya a hankali, kada ya yage. A wanke shi sau biyu ko uku da ruwa mai tsabta. Wannan mataki ya fi kowanne muhimmanci, domin latas ba ya hawa wuta. Idan an yi masa ban-ruwa da ruwa marar kyau, yana iya ɗauke da ƙwayoyin cutar taifot ko kwalara. Bayan an wanke, a zuba shi a kwando ya tsane.

Sannan a ɗora kasko a wuta, a zuba mai, a soya albasa da tafarnuwa da citta. A zuba nama da gishiri da attaruhu, a riƙa juyawa har ruwan naman ya ƙone, jansa ya ɓace gaba ɗaya. A sauke, a bari ya ɗan huce, domin nama mai zafi yana sa ganye ya yi yaushi.

Daga ƙarshe, a shimfiɗa ganye a tafin hannu, a zuba nama cokali biyu a tsakiya, a ɗora yankakkiyar kokwamba, a matsa lemun tsami. A lanƙwaso gefe biyu, a naɗe kamar tabarma. Kada a cika shi da yawa, in ba haka ba zai fashe. A ci nan take.

Sababbin kalmomi

naɗe: nannaɗa abu ya rufe abin da ke ciki
tsane: ruwa ya fita daga jikin abu
huce: zafi ya ragu
yaushi: laushin ganye idan ya sha zafi

Tambayoyi

1. A ina ake noman latas a Nijeriya?
2. Me ya sa wanke ganyen yake da muhimmanci?
3. Don me ake barin nama ya huce?
4. Yi jimla da kalmar "naɗe".